Ɓawon abarba, dusar rogo ko tukar rake: wanne ya fi dacewa da samar da sitirik asid?

Wanda ya juya gorar lemo ko kwalin jus ya karanta abubuwan da aka zuba a ciki, da wuya ya rasa ganin E330. Wannan lambar ta sitirik asid ce, sinadarin da ke ba lemon tsami tsaminsa. Ana sa shi a alewa, da maganin da ke tafasa idan an jefa shi a ruwa, da garin sabulun wanki. Duniya na samar da fiye da tan miliyan 2 a shekara, sama da rabi daga ƙasar Sin, kuma kusan duka ba daga lemo aka matso shi ba. Fumfuna ce ke yin sa, baƙar nan da ke fitowa a ƙarƙashin ɓawon albasa idan ta daɗe a ajiye, wadda masana ke kira Aspergillus niger.

Tunda fumfuna na cin kusan duk abin da ke da zaƙi ko sitaci, ɗaliban nazarin ƙananan halittu da ƙungiyoyin masu sarrafa amfanin gona sun daɗe suna tambayar me zai hana a ciyar da ita sharar gona, a huta da sayen buhunan sitirik da ake shigowa da su. Tambayar tana da kyau, amma zaɓi biyu ne a cikinta: wace hanya za a bi wajen renon fumfunar, sannan wace shara za a ba ta. Ra'ayina tun daga farko shi ne, ga mai ƙaramin ƙarfi a ƙasarmu, reno a kan danshin shara cikin faranti ya fi, kuma sharar da ta zo da zaƙinta ta fi wadda sai an sha wahala kafin ta saki sukari.

Kafin a gwada hanyoyin, sai an san halin ma'aikaciyar. Carl Wilhelm Scheele na Suwidin ne ya fara ware sinadarin daga ruwan lemo a 1784, kuma har farkon ƙarni na 20 lemon Italiya ne ke riƙe da kasuwar. A 1893 Bajamushe Carl Wehmer ya lura cewa wasu fumfuna na fitar da shi daga sukari, amma wasu ƙwayoyin suka riƙa lalata masa aikin. James Currie a Amurka ne ya warware matsalar a 1917: ya nuna cewa Aspergillus niger tana zubo sitirik da yawa idan an cika mata sukari kuma aka bar ruwan ya yi tsami ƙwarai, tsamin da yawancin sauran ƙwayoyi ba sa iya rayuwa a cikinsa. An kafa masana'antar Tienen a Beljiyam a 1919, kamfanin Pfizer na Amurka kuma ta fara samarwa da yawa a Brooklyn a 1923.

Fumfunar ba ta yin sitirik sai a cikin takura. Tana son sukari mai yawa, kashi 14 zuwa 22 cikin ɗari, da iska wadatacciya, da zafin digiri 28 zuwa 30, da pH, wato ma'aunin tsami da ke raguwa idan tsami ya ƙaru, da ke sauka zuwa 2 ko ƙasa. Amma naitirojin da fosfet sai a ba ta kaɗan, ƙarfe ɗan mitsitsi, manganis kuwa kusan babu. Idan ta samu komai a wadace, girma kawai za ta yi, ta yi kauri ta baƙanta da iri, tsamin kuma ya yi ƙaranci. Duk hukuncin da za a yanke kan shara daga wannan halin yake fitowa.

Tanki, ko ruwa a faranti, ko danshin shara

Manyan masana'antu tanki suke amfani da shi, kusan kashi 80 cikin ɗari na sitirik ɗin duniya ta nan yake fitowa. Ana nutsar da fumfunar cikin ruwan sukari a ƙaton tankin ƙarfe marar tsatsa, ana hura iska ana motsawa dare da rana na kwana 5 zuwa 10. Sakamakonsa ya fi na kowace hanya, don kilo 100 na sukari kan ba da kilo 70 zuwa 90. Sai dai ko na ɗan lokaci iskar ta tsaya a tsakiyar aiki, fumfunar na iya ci gaba da rayuwa amma ta rage zubo tsami, kuma ba lallai ta koma yadda take ba. A inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan kaɗai ya isa hujja. Ga shi kuma shara mai ɓawo da zare ba ta shiga tanki haka nan, sai an niƙa, an dafa, an tace, an cire mata ƙarafa. Ban ga dalilin da ƙaramin mai sana'a zai fara da nan ba.

Hanya ta biyu ita ce tsohuwar, wadda Pfizer ta fara da ita. Ana zuba ruwan sukari a faranti mai faɗi marar zurfi, na alminiyam mai tsabta ko ƙarfe marar tsatsa, a barbaɗa iri, fumfunar ta shimfiɗu a sama tana shan iska tana zubo tsami a ƙasa. Tana ɗaukar kwana 8 zuwa 12, tana cin wuri da hannun ma'aikata, amma ba ta dogara da injin motsawa ba. Ta dace da wanda abincinsa ruwa ne, wato molasis, baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an cire sukari.

Ta uku ita ce ta Japan, inda suka daɗe suna renon fumfuna a kan dusar alkama da ragowar dankalin da aka cire wa sitaci. Babu ruwan da ke kwance. Ana jiƙa sharar ta yi danshi, a turara ta, a bar ta ta huce, a cakuɗa da iri, a baza a faranti a rufe. Wanda ya taɓa ganin yadda ake rufe dafaffiyar kalwa ta kwana ta zama daddawa ya riga ya fahimci tsarin, illa dai can bakteriya ce ke aiki, nan fumfuna. Cikin kwana 4 zuwa 6 an gama, sai a jiƙa da ruwa a matse tsamin.

Abin da ya sa na fi karkata ga wannan shi ne fumfunar ba ta cika damuwa da ƙarafan da ke cikin shara ba idan a danshi take, saɓanin tanki inda ɗigon manganis ke rushe aikin. Sharar gona kuwa ba ta rabuwa da ƙasa da ƙarafa. Wahalarta zafi ce. Fumfuna na fitar da zafi tana girma, shara kuma ba ta sakin zafi da sauri, don haka idan shimfiɗar ta wuce santimita 3 zuwa 5, tsakiyar kan yi zafi fiye da kima alhali gefe lafiya lau. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40, ɗakin kwano ba zai yi ba, domin da zafi ya zarce digiri 33 sitirik kan ragu, wani asid mai cutarwa da ake kira okzalik ya ƙaru. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango, da buhunan algarara jiƙaƙƙu a rataye a taga, sun fi. Da hunturu kuma matsalar ta juya: iskar kan busar da saman farantin cikin yini, sai an rufe da tsabtataccen ƙyalle mai danshi.

Danshin da ake nema kashi 65 zuwa 75 ne cikin ɗari, kuma hannu na iya gane shi. Ka damƙi sharar da aka turara ka matse. Idan ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa, iska ba za ta ratsa ba. Idan ka buɗe hannu ta watse nan take, ya yi kaɗan. Daidai shi ne ta dunƙule, tafin hannu ya jiƙe, ka taɓa ta da yatsa ta farfashe. Bayan kwana biyu za ka ga farin zare ya ɗaure ta ta zama curi guda, ka ji ɗumi idan ka kara bayan hannu. In ta yi baƙi ƙirin da wuri, ta tafi yin iri ke nan, alamar an cika mata naitirojin ko ta bushe.

Sharar da za a ba ta

Ɓawon abarba da tsakiyarta su ne mafi sauƙi. Sukarinsu a shirye yake, suna da ɗan tsami na asali da ke hana bakteriya sakewa, kuma zarensu na barin iska ta wuce. Masu bincike a Ostareliya sun gwada sharar masana'antar gwangwanin abarba tun shekarun 1990 suka samu sakamako mai kyau. Ga ɗalibin da ke son gwajinsa ya fito ba tare da dogon shiri ba, babu kamarsa. Amma abarba daga kudu take zuwa. Abin da ake samu a Kasuwar 'Yan Lemo ta Kano da wurin masu yanka ta a bakin titi ya ishi ɗakin gwaji, bai isa ya riƙe sana'a duk shekara ba, kuma ɓawon da ya kwana ɗaya a buhu ya riga ya fara tsami, yis ya fara cinye abin da ake nema. Gatan da Arewa ke da shi rana ce: a yanka ƙanana a shanya a ranar da aka samo, a kan leda ko tabarma, kada a ƙasa. Busasshe na ajiyuwa watanni.

Ɓawon lemon zaƙi, wanda Binuwai ke turowa da yawa, yana kama da na abarba a ido amma ya fi shi rigima. Man da ke cikin fatarsa, mai ƙamshin nan, yana danne girman ƙananan halittu, sai an turara shi sosai man ya fita. Ɓawon ayaba da na mangwaro suna aiki, sai dai na mangwaro na 'yan makonni ne a shekara.

Rogo ne ya fi cancanta a tsaya a kansa. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, kusan tan miliyan 60 a shekara, kuma kashi ɗaya cikin goma ko fiye na kowane saiwa ɓawo ne. Shara iri biyu yake bari, kuma ana yawan haɗa su a magana alhali ba ɗaya ba ne. Akwai ɓawon da masu garin kwaki ke ferewa, akwai kuma dusar da ke saura a masana'antar sitaci bayan an tace. Dusar ta fi kyau nesa ba kusa ba: ba ta da ƙasa, naitirojin ɗinta kaɗan ne, kuma kusan rabin nauyinta idan ta bushe sitaci ne. A Jami'ar Tarayya ta Parana da ke Curitiba a Burazil, Luciana Vandenberghe da Carlos Soccol da abokan aikinsu sun gwada ta tare da tukar rake da ɓawon kofi, dusar rogon ta zo ta ɗaya da giram 88 na sitirik a kowane kilo na busasshiya. Fumfunar da kanta take narka sitaci ya koma sukari, muddin an turara shi ya nuna, don ɗanyen sitaci ba ya narke mata da sauƙi.

Ɓawon kuwa yana zuwa da ƙasa, ƙasa kuma na ɗauke da ƙarfe da manganis. Yana da gubar sayanayid fiye da naman rogon, ko da yake wanki da shanya da turarawa na rage ta ƙwarai. Sannan ya daina zama abin banza: tun da cibiyar binciken dabbobi ta ILRI da ke Ibadan da abokan aikinta suka fito da hanyar gurza shi a matse a busar ya zama abincin dabbobi da kaji, ɓawon rogo ya samu masu saye. Wanda ke Binuwai, Kogi, Nasarawa, Taraba ko kudancin Kaduna, kusa da masu sarrafa rogo, wannan ne zaɓinsa. Wanda ke Katsina ko Maraɗi, kuɗin mota zai cinye ribar kafin kayan su iso, tunda ɗanyar dusa kusan kashi 80 cikin ɗari ruwa ce.

Tukar rake ita ce ke yaudarar mutane, saboda tulinta da ake gani a wuraren masu mazarƙwaila a Maƙarfi da kewaye. Yawancinta zare ne mai tauri, kashi ɗaya cikin biyar ko fiye kuma wani sinadari ne na itace da fumfunar ba ta iya ci. Ita kaɗai abinci ce marar ƙarfi. Kuma ba kyauta take ba, da ita ake hura wutar dafa mazarƙwailar, kamar yadda masana'antun sukari na Numan da Sunti ke ƙona tasu a tukunyar tururi. Amfaninta na gaskiya shi ne ta zama shimfiɗa: tana shan ruwa sosai, ba ta cuɗewa, iska na yawo a cikinta. A jiƙa ta da molasis da aka sirka, ko a cakuɗa ta da ɓawon abarba ko dusar rogo waɗanda kan danƙare idan su kaɗai ne, sai a samu abin da ya fi kowannensu. Tukar ƙaramin injin matsa ma ta fi ta babbar masana'anta, don tana barin sauran zaƙi.

Molasis shi ne mafi ƙarfi a jerin, kusan rabinsa sukari ne. Tan ɗaya, ko fumfunar rabin sukarin kawai ta juya, kilo 250 ke nan. A gwada da lissafin Curitiba: tan ɗaya na busasshiyar dusar rogo kilo 88, wato buhu ɗaya mai kilo 25 na buƙatar wajen kilo 285 na busasshiya, kusan tan ɗaya da rabi na ɗanya, kafin a cire asarar tacewa. Amma molasis ba shara ba ne a idon mai shi, masu yin itanol da masu kiwo na sayensa. Yana kuma cike da ƙarafa, shi ya sa masana'antu ke fara gyara shi da sinadarin fotashiyam ferosayanayid, kuma ingancinsa na sauyawa daga kaka zuwa kaka.

Totuwar masara, ɓuntun shinkafa da dusa ba sa buƙatar dogon bayani. Hang da Woodams na Jami'ar Cornell, waɗanda suka yi suna da gwajin tukar tuffa da ta inabi a shekarun 1980, sun nuna totuwa na iya bayarwa, amma ta fi sakin sukarinta idan an jiƙa ta a sinadarin soda an zuba mata sinadaran narkarwa na saye. Wannan kuɗi ne da aiki. Ɓuntu, wanda ya cika bayan injinan casa a Kura da Argungu, kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa sinadarin yashi ne, bai wuce a barbaɗa shi don buɗe wa iska hanya ba. Dusar hatsi tana da naitirojin da fosfet da yawa, fumfunar kan yi ƙiba a kanta ta bar aikin, kuma masu kiwo sun riga sun sa mata farashi. Inda ta dace shi ne renon irin da za a shuka.

Abin da ke zuwa bayan faranti

Yawancin masu zumuɗi a nan suke tsayawa, alhali nan ne kuɗin yake. Ruwan da aka matso launin ƙasa-ƙasa ne, cike da sauran sukari da datti. Kafin ya zama farin ƙanƙarar sitirik mai kama da gishiri da ake sayarwa, ana tace shi, a fara sa ɗan laim, wato farar ƙasa, don okzalik ya kwanta a cire shi, a dafa ya kusa tafasa, a ƙara laim har sitirik ɗin ya kwanta a matsayin farin laka. Sai a tace lakar da zafinta, a zuba mata asid ɗin salfa, dangin ruwan batir, ya saki sitirik ya bar jifsam, farin sinadarin da ake sawa a siminti. Daga nan sai gawayin tacewa ya cire launi, a ƙafar da ruwan, a bar shi ya daskare. A lissafin sinadaran kaɗai, kowane kilo na sitirik na cin fiye da rabin kilo na laim da kusan giram 770 na asid ɗin salfa, ya bar kilo ɗaya da sulusi na jifsam. Sharar da ta ba da tsami kaɗan tana nufin ruwa mai yawa da za a ƙafar, wato itace ko gas mai yawa. Saboda haka sharar kyauta mai rauni kan fi molasis na saye tsada a ƙarshe.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce ƙaramin wuri ba zai kayar da farashin buhun Sin ba, inda ake sarrafa masara da busasshen rogo a tankunan da ke fitar da dubban ɗaruruwan tan. Wanda ke son sayar wa masu jus sai ya kai tsabtar da NAFDAC za ta amince da ita. Amma ba duk amfani ne ke neman farin ƙanƙara ba. Tataccen ruwan sitirik na wanke tsatsa da farin dattin da ruwan rijiyar burtsatse ke bari a bututu da tukunyar tururi, kuma asid irinsa na taimakawa wajen narka dutsen fosfet, wanda ake da shi a Sakkwato da Tawa. Fara da irin wannan kasuwar ya fi hankali.

Irin fumfunar ma zaɓi ne, kuma a nan ba na ganin wurin sassauci. Ɗebo baƙar fumfuna daga albasa ko ƙasa ya isa darasin aji, amma yawancin na daji ba sa ba da tsami sosai, wasu kuma na fitar da gubar okaratoksin da fumonisin. A nemi tantaccen iri daga ɗakin gwajin jami'a ko ma'ajiyar iri, kamar mai lamba ATCC 9142 da aka daɗe ana aiki da shi. Farantin da ya nuna kore mai ruwan ɗorawa a ƙone shi gaba ɗaya, wataƙila Aspergillus flavus ce, mai gubar aflatoksin. A rufe hanci da baki lokacin juya faranti, mai asma ko raunin huhu kada ya shiga ɗakin. Methanol, wani nau'in barasa, da ake sawa kashi 1 zuwa 4 cikin ɗari yana ƙara sakamako, kamar yadda Andrew Moyer ya nuna a 1953, amma guba ne mai makantarwa, ba a ajiye shi a gorar ruwan sha. Ragowar sharar kan ƙaru da furotin, sai dai kada a ba dabba kafin a gwada ta.

To wa zai ɗauki wanne? Ɗalibi ya ɗauki busasshen ɓawon abarba, ya gwada shi shi kaɗai da kuma haɗe da tukar rake, kuma ya auna sitirik ɗin kansa da na'urar HPLC mai rarrabe sinadarai ko hanyar awon launi ta Marier da Boulet ta 1958, domin awon tsami da soda yana haɗa okzalik da sauran asid ya kumbura lissafi. Ƙungiyar da ke maƙwabtaka da masu sitaci ko garin kwaki ta ɗauki dusar rogo da ɗan tuka. Wanda ke kusa da masana'antar sukari kuma zai iya ƙulla cinikin molasis na shekara guda, ya zuba shi a kan tuka ko ya bi hanyar ruwa a faranti, shi ne kaɗai a cikinsu da lissafin yin ƙanƙara zai iya fitar wa. Wanda abin da ke gabansa totuwa da ɓuntu ne kawai, gara ya mayar da su gawayi ko takin gargajiya. Kafin kowa ya sayi faranti na ashirin, ya yi gwaji da guda biyar sau biyu, ɗaya da hunturu ɗaya da bazara, ya rubuta nauyin busasshiyar sharar da ta shiga, da giram ɗin sitirik da ya fito bayan tacewa, da kuɗin makamashin da aka ƙona.